Tambaya Da Amsa: Gonar Gidan Freeman

Tambaya: Malam, na ji cewa a da gwamnatin Amurka tana raba wa mutane gonaki kyauta a yammacin ƙasar. Shin gaskiya ne, kuma a hannun wa irin waɗannan gonaki suke a yau?

Amsa: Gaskiya ne, amma kyautar tana da sharuɗɗa. A ranar 20 ga Mayu, 1862, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan dokar da ta ba duk magidanci, ko wanda ya kai shekara 21, damar karɓar fili mai faɗin eka 160, muddin zai gina muhalli a ciki, ya noma shi, ya zauna shekara biyar, sannan ya biya dala 18 kuɗin rajista. Da yawa sun kasa cika wa'adin saboda fari da fara da bashi, sai suka tashi suka bar wa wasu.

Gonar Daniel Freeman da ke kusa da garin Beatrice a jihar Nebraska za ta nuna maka yadda mallaka ke sauya hannu. Freeman ya shigar da takardarsa a ofishin filaye na Brownville ranar 1 ga Janairu, 1863, wato ranar da dokar ta fara aiki, shi ya sa ake lissafa shi cikin na farko. Sai dai kafin zuwansa yankin ba kufai ba ne, domin ƙasar ƙabilun asali ce irin su Otoe da Pawnee, waɗanda aka raba da ita ta hanyar yarjejeniyoyi, kuma a ganina duk tarihin da ya fara daga takardar Freeman ya tsallake masu ƙasar na farko.

Shi da matarsa Agnes sun raini 'ya'yansu a wurin. Ya rasu a 1908, gonar ta zauna a hannun Agnes har rasuwarta a 1931, sannan ta koma ga magada. A 1936 majalisar dokokin Amurka ta amince a mayar da wurin abin tarihi na ƙasa, gwamnati ta saye shi daga magadan, aka kuma sake shuka ciyawar daji ta asali a inda garma ta bi.

Sauran gonakin kuwa, wasu suna hannun jikoki, amma da dama an haɗe su cikin manyan gonaki bayan an sayar ko banki ya ƙwace. An soke dokar a 1976, ban da Alaska inda ta kai 1986.