Wuƙar Gado Mai Lanƙwasa: Daga Ina Ta Fito?

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya bar mana wata wuƙa da ya saya a Makka, ruwanta yana da lanƙwasa 9 da zane kamar igiyar ruwa, kubenta kuma na itace ne. Yaya zan gane asalinta da shekarunta? Daga mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku. Siffar nan ta keris ce, wuƙar mutanen Indonesiya da Malesiya, kuma hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta karrama ta Indonesiya a 2005. Adadin lanƙwasarta ba ya rabuwa biyu daidai, shi ya sa ka ƙirga 9. A Indonesiya, ta tsibirin Bali ta fi ta tsibirin Java tsawo da santsi, ta kudancin Filifin kuwa girmanta ya kai na takobi.

Shekaru su ne masu wahalar ganewa, domin ana sauya ƙota da kube idan sun tsufa, saboda haka ruwan wuƙar ne abin dubawa. Zanen na gaskiya yana fitowa ne daga ninke baƙin ƙarfe da ƙarfe mai sinadarin nikel a maƙera, don haka yana ratsa cikin ƙarfen, kuma tsohuwar wuƙa takan zaizaye har yatsa ya ji tudun zanen. Wadda aka yi wa 'yan yawon buɗe ido sau da yawa zanenta a sama kawai yake. A ganina, kasuwar Makka ta fi cika da irin wannan. Kada ka goge ta da yashi. Shafa mata mai kaɗan, sannan ka nuna wa masanin kayan tarihi.