Amsa ga ɗan'uwan da fenti ya ɗaye masa a jikin rim na alminiyam

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka tun da safe amma ina bakin aiki sai yanzu na samu zama. Ka ce ka wanke rim ɗin motarka guda huɗu da murfin saman inji da fetur, ka goge da tsumma, ka fesa baƙin fenti har hawa uku ya fito kamar sabo, amma ko sati biyu ba a rufa ba da ka kai wanki ruwan injin wanki ya ɗaye shi kamar ɓawon albasa, kana tambaya ko jabun fenti aka sayar maka. Toh gaskiya ni ban zargi fentin ba, ko wanda ya fi kowanne tsada a kasuwa ka fesa a haka, haka zai yi maka. Matsalar tana ƙasan fentin ne.

Alminiyam ba ƙarfe ba ne, halinsu daban. Ƙarfe in ya yi tsatsa kana gani ja, ka kankare. Shi kuwa alminiyam da zarar iska ta taɓa shi yake yi wa kansa wata siririyar fata wadda ido ba ya gani, ita ce tsatsarsa, ita take kare shi shi ya sa tukunyar dalma take shekaru ba ta ruɓe ba, amma kuma ita ce take hana fenti kamawa. Kai kana ganin ka fesa a jikin rim, alhali a kan wannan fatar ka fesa, ga santsi ga maiƙon fetur a kai. Kuma abin haushin ko ka goge ta da samfefa nan take take fara dawowa, tana ƙara kauri in an bar ta. Duk aikin dai shi ne ka cire maiƙo, ka karce jikin, sannan ka rufe shi da firaimar da ta dace, wato fentin ƙasa da ake fara fesawa, kafin fatar nan ta zauna.

Fetur ɗin da ka yi wanki da shi shi ne kuskure na farko, yana narkar da giris amma in ya bushe yana barin nasa maiƙon. Ni yadda nake yi, in fara wanke rim da omo ko sabulun wanke kwanuka da ruwan ɗumi da buroshi, ciki da waje, musamman ta baya inda baƙar ƙurar birki take taruwa da kuma bakin taya inda masu wanki suke shafa man ƙyalli, wannan man silikon ne a cikinsa kuma babu makiyin fenti kamarsa, shi yake sa ka ga fenti yana buɗe ƙananan ramuka kamar idon kifi. Bayan ya bushe sai in bi da digiriza, wato ruwan cire maiƙo na masu fenti, tsumma biyu, ɗaya jiƙe ɗaya busasshe, ka shafa da wannan ka bi da wancan tun kafin ya bushe, in ka bar shi ya bushe da kansa dattin ya koma inda yake. Kuma wankin nan kafin samfefa ake yinsa, in ka fara da samfefa tura maiƙon kake yi cikin karcen. Don Allah kar wani ya ce maka ka jiƙa shi a ruwan soda irin ta haɗa sabulu, soda cin alminiyam take yi, za ka ga yana tafarfasa yana baƙi, ka ɓata rim.

Sai samfefa. In akwai tsohon fenti da ya fara tashi, ko ka ga wasu fararen zare-zare kamar sawun tsutsa a ƙarƙashin kiliya, wato hawan ƙarshe marar launi mai sa ƙyalli, dole ka cire har ƙasa, kar ka rufe a kai. Ina farawa da lamba 180, in wurin ya ci sosai 80 ko 120 a wurin kaɗai, sannan in bi duka da 240 zuwa 320. Kar ka sa masa mai kaushi irin 36 ko 40 da ake sa wa ƙarfe, alminiyam laushi gare shi zai yi zurfin karce da zai fito ta saman fenti. Lungunan da samfefa ba ta shiga ka sa jan soso na Scotch-Brite. Abin da ake so jikin ya dushe gaba ɗaya, duk inda ka hango yana ƙyalli toh nan fenti zai fara ɗayewa.

Anan akwai abin da nake so ka riƙe sosai domin ni na ga illarsa da idona. Samfefa ko buroshin waya ko faifan giranda da aka taɓa ƙarfe da shi, kar ya taɓa alminiyam. Lokacin ina yaron shago an kawo mana bonet na alminiyam, na ɗauki buroshin wayar da muke kankare tsatsa da shi na bi gefen, aka yi fenti ya yi kyau mai mota ya tafi yana murna, bayan damina ya dawo gefen duk ya yi ƙuraje, da muka fasa ɗaya sai farin gari kamar toka a ciki. Ɓurɓushin ƙarfen ne ya nutse a jikin alminiyam, da danshi ya shiga sai suka fara cin juna, kuma alminiyam ɗin ne yake ciwuwa. Sai da muka sake aikin daga farko a kuɗinmu. Tun daga ranar kayan alminiyam ɗina akwatinsu daban, buroshin ma na sitenles ne wanda bai taɓa ganin baƙin ƙarfe ba. Shi ya sa a Amurka da Ford ta mayar da jikin F-150 na alminiyam a 2015 masu gyaran jikin mota suka rinƙa ware kayan aiki da wuri daban dominsa, ba iyayi ba ne.

In ka gama gogewa ka hure ƙurar, ka sake bi da digiriza da farin tsumma, za ka ga tsumman yana yin baƙi, ka ci gaba da canzawa har ya rage baƙin sosai. Akwai gwajin da ogana ya koya min, ka zuba ruwa mai tsafta a jiki, in ya shimfiɗu ya kwanta bai ɗaya toh ya wanku, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo kamar a kan ganyen gwaza akwai sauran maiƙo. Ka busar da shi sosai bayan gwajin, har ramukan noti. Daga nan kuma hannunka kar ya sake taɓa shi sai da safar hannu, zufar yatsa kaɗai ta isa ta bar tambari.

Yanzu firaima, kuma nan ne yawanci ake faɗuwa. Wannan firaimar mai ruwan toka da ake sa wa ƙarfe don cike karce ba ta kama alminiyam tsirara. Biyu ne suke yi, ko ecin firaima wadda take da ɗan asid a ciki da yake cizon jikin ya riƙe, ko ifoksi firaima mai haɗi biyu da hadina, ruwan da yake sa ta yi tauri. Ecin ta fi sauƙin samu har ta gwangwanin fesawa akwai, amma siririya ake fesa ta, hawa ɗaya ko biyu marasa kauri har kana ɗan hango jikin ta ciki, in ka labta ta da yawa ita da kanta za ta zama matsala, kuma ba a sa foti, wato abin cike loɓa, a kanta kai tsaye, asid ɗin ba ya shiri da shi. Ni dai in rim ne ifoksi nake zaɓa, domin rim yana shan ruwa da laka da tsakuwa da zafin birki, ifoksi tana toshe danshi kuma za ka iya sa foti a kanta in akwai inda gefen titi ya gurje. Ka auna haɗin yadda aka rubuta a jikin gwangwani, kowane kamfani da nasa, kar ka yi da ka. Ɗaya za ka zaɓa a cikinsu, ba a haɗa su. Masu gyaran jirgin sama suna da wani ruwa Alodine da suke shafawa kafin firaima, yana aiki sosai amma na asalin akwai guba mai haddasa kansa a ciki, ba na ba ka shawararsa a gida.

Lokaci kuma shi ne komai. Kar ka goge yau ka ce gobe za ka fesa. Ni ba na fara samfefar ƙarshe sai firaima tana kusa da ni, gan ɗin fesawa kuma a wanke, ina gamawa ina gogewa ina fesawa, ba na son a wuce awa ɗaya, in wani uzuri ya taso ya kwana toh da safe sai na sake bi da soso na sake gogewa. Gara ka yi rim bibbiyu ka gama da su da ka goge huɗu su zauna suna jiranka. Bayan firaima ta sha iska yadda gwangwani ya ce sai fenti, sirara-sirara da tazara a tsakani, sai kiliya mai hadina. Ka sa takunkumi na gaske mai matata, hadinar nan tana lalata huhu, ƙyalle a hanci ba ya tare ta. In damina ce ka zubar da ruwan tankin kwamfiresa kafin ka fara, in hunturu ne ka yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura, kuma kar ka fesa a kan rim ɗin da ya sha rana ya yi zafi.

Wani abu da mutane ke mantawa, bayan rim inda yake zama a jikin hob, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a kansa, da kuma mazaunin noti, ka rufe su da tef kar fenti ya hau. Fenti a wurin yana murƙushewa a hankali noti ya saki, wannan maganar rai ce.

Murfin injin kuwa ya fi rim wahala, domin zubi ne, jikinsa akwai ƙananan ƙofofi da suka sha baƙin mai shekara da shekaru. Ka cire shi daga mota, ka wanke, ka shanya a rana mai zafi, za ka ga wasu wurare suna yin duhu man yana tsattsafowa, ka goge ka sake shanyawa, wani sai na yi sau uku ko huɗu kafin ya daina. Kar ka sa masa wutar walda don ya yi sauri, alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, a wajen digiri 660 kawai sai ka ga ya zube, kuma tun kafin nan ya riga ya karkace gasket ba zai zauna ba. In za ka kai a fesa masa yashi a toshe cikinsa sosai, ƙwayar yashi in ta maƙale a ciki cikin inji za ta ƙare.

Wanda ka riga ka fesa ɗin nan dai babu gyara a kansa, duka za ka cire har wanda kake ganin ya kama. In ka sake yi, ka ba shi kamar sati biyu kafin ruwan injin wanki ya taɓa shi, kuma ka ce wa mai sa taya ya bi bakin rim a hankali da ƙarfensa.