Amsa ga Isiyaku kan fayilolin saiti a lokacin sabunta babbar manhaja

Isiyaku ɗana, jiya da yamma a shagonmu na Ikeja ka tare ni da tambaya, amma saboda masu jiran gyara sun cika gaban kanta ban samu sukunin ba ka cikakkiyar amsa ba. Ka ce kana ɗaga sabar wani abokin cinikinmu daga Ubuntu 22.04 zuwa 24.04, sai aikin ya tsaya aka tambaye ka ko a bar fayil ɗin /etc/ssh/sshd_config, wato fayil na saitin SSH da ake shiga saba da ita daga nesa, yadda yake, ko a maye gurbinsa da sabon da masu manhajar suka aiko, kana so ka san wanne ne daidai.

Fara da sanin dalilin tambayar. A Debian da Ubuntu, dpkg, wato kayan aikin da ke girka manhajoji, yana ajiye shaidar yadda kowane fayil na saiti yake tun ranar da aka girka shi, wasu fayilolin kuma, irin wannan na SSH, wani kayan aiki mai suna ucf ne yake kula da su a kan wannan ƙa'idar. Idan babu wanda ya taɓa fayil ɗin, sai a sauya shi salin alin. Ba a tsayar da kai sai idan an gyara shi a nan, su ma masu manhajar sun gyara nasu a can.

Kowane zaɓi yana da nasa haɗari. Idan ka karɓi sabon, gyaran da aka yi wa sabar ya tafi. Shekarun baya hakan ta faru da ni a sabar wani ɗan kasuwa da ke Apapa: na karɓi sabon fayil ba tare da na duba bambancin ba, ƙofar shiga da muka canza ta koma lamba 22 wadda muka toshe tun farko, sai na wayi gari ba ni da hanyar shiga daga nesa. Na shafe rabin yini a cunkoson tireloli kafin na isa gaban na'urar, ma'aikatansa kuwa suna zaune ba aiki. Idan kuma ka riƙe tsohon, za ka iya rasa abin da aka ƙara. Misali, OpenSSH 8.2, sigar manhajar SSH da ta fito a 2020, shi ne ya kawo umarnin Include, mai sa a karanta wasu fayiloli na daban, cikin sshd_config, saboda haka fayil ɗin da aka riƙe tun daga Ubuntu 18.04 ba shi da wannan layin, kuma duk abin da ka ajiye a /etc/ssh/sshd_config.d/ ba za a karanta shi ba.

Don haka kafin ka zaɓa, ka nemi a nuna maka bambancin, ka karanta shi layi bayan layi. In kana shakka, riƙe tsohon, domin za a ajiye maka sabon a gefe da ƙarshen suna .dpkg-dist ko .ucf-dist, sai ka haɗa su daga baya a natse. A wasu ire-iren Linux ma haka ne: a Fedora da danginsa .rpmnew za ka gani, a Arch kuma .pacnew.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne yadda za ka hana tambayar tasowa tun asali. Babban fayil na masu manhaja ne, su ke da ikon sauya shi duk lokacin da suka ga dama. Naka gyaran ka rubuta shi a ƙaramin fayil na daban. Masu BSD, wani dangin manyan manhajoji masu kama da Linux, sun daɗe da wannan tsari: a FreeBSD ba a taɓa /etc/defaults/rc.conf, ana rubuta abin da ake so a /etc/rc.conf, a OpenBSD kuwa /etc/rc.conf.local ne wurin gyara. Haka systemd yake, wato manhajar da ke tayar da ayyuka a Linux, nasa saitin yana ƙarƙashin /usr/lib/systemd/system, naka a /etc/systemd/system, kuma umarnin systemctl edit da kansa zai buɗe maka override.conf inda ya dace.

A nan akwai wurin da yara da yawa suke tuntuɓe. Ana karanta ƙananan fayilolin nan bisa jerin sunayensu, amma wanda yake rinjaye ya bambanta. A SSH, saitin da aka fara karantawa shi ne yake aiki, saboda haka ka sa wa naka suna kamar 10-namu.conf don ya riga sauran. A /etc/sysctl.d kuwa, inda saitin ƙwaryar babbar manhaja yake, na ƙarshe ne yake danne na baya, sai ka fara sunan da 99. A /etc/sudoers.d kuma, inda ake rubuta masu izinin gudanar da na'ura, duk fayil ɗin da yake da ɗigo a sunansa tsallake shi ake yi.

Ga aikinka na gobe in Allah ya kai mu. Girka etckeeper don ya riƙa adana tarihin /etc a git, manhajar ajiye tarihin sauye-sauyen fayiloli, ka kwashe gyare-gyaren abokin cinikin zuwa ƙaramin fayil, ka mayar da babban yadda masu shi suka aiko. Sannan ka gwada da umarnin sshd -t, mai duba ko akwai kuskure a saitin, kafin ka sake kunna SSH, kuma kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata ka tabbatar ka shiga. Ka tabbatar batirin ajiyar wuta ya cika kafin ka fara, ka kuma kira ni in zo in duba bambancin tare da kai.