Tambayi Likita: Ɗori, Gwame da Maganin Tsawo

Daga wani ɗalibi, Bauchi Road: Likita, ƙashi nawa ne a jikin mutum?

Na babba 206. Na jariri sun fi haka, wasu ne ke haɗewa yayin da yake girma.

Daga wata uwa, Unguwar Rogo: Ɗana mai shekara bakwai ya faɗo daga bishiya, hannunsa ya karye. An kai shi wurin mai ɗori, yanzu yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, ba ya barci don kuka. Kakarsa ta ce in aka je asibiti yanke hannun za a yi.

Baiwar Allah, ajiye wayar nan, a sassauta ɗaurin, ki kai shi asibiti yanzu. Kada ki jira gari ya waye.

Idan ƙashi ya karye, naman da ke kewaye da shi yana kumbura. In aka jera karare aka tamke da tsumma, kumburin ba ya da inda zai je, sai ya matse jijiyoyin jini. Naman da jini ya daina kai wa yana fara mutuwa cikin kamar awa shida. Yatsu su yi sanyi, su canza launi, yaro ya ce ba ya jin su, ko ya yi ihu in an miƙe su: duk wannan hannu ne ke neman agaji.

Ki gaishe da Hajiya, ki faɗa mata da ladabi cewa abin da take tsoro yana faruwa, amma ta duba lokacin da ake kawo yaran. Sai hannu ya yi baƙi yana wari ake tuna da mu, sannan a koma gida a ce likita ya yanke. Wallahi abin yana ci mini rai, domin ƙashin yaro ya fi na kowa saurin haɗewa. Hoto, gyara, siminti na wasu makonni, shi ke nan. Masu shafa man zafi da masu tsaga wurin da reza kuwa, ƙwayoyin cuta suke buɗe wa ƙofa zuwa cikin ƙashi. Ki tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibiti mafi kusa. Ina sake cewa, yau.

Daga wani uba, Bukuru: 'Yata mai shekara huɗu tana da gwame sosai. Sanyin Jos ne?

Ba sanyi ba ne. Ɗan gwame a wannan shekarun yakan miƙe da kansa, amma mai tsanani yana iya zama laushin ƙashi. Binciken da aka yi a nan Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalilinsa ga yaranmu, ba rashin hasken rana ba, tunda rana muna da ita. Kunu da tuwon masara kullum ba sa wadatarwa. A ƙara nono, kindirmo da garin busasshen kifi haɗe da ƙayarsa. Amma fa a kai ta a duba ta tukuna.

Daga wani matashi, Farin Gada: Shekarata 24, akwai maganin ƙara tsawo?

Babu. Wuraren da ƙashi ke tsawo sukan rufe kafin a kai shekara 20. Riƙe kuɗinka.