Amsa ga Kawu: zaman shirun da muke yi a gindin itatuwa lokacin kaka

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Na ga saƙonka a kan hoton da maiɗakina ta tura, wanda muke zazzaune a gindin itatuwa kowa ya yi tsit. Ka fara tambaya ko rasuwa aka yi. Da aka ce lafiya lau, sai ka ce to wane irin zama ne wannan, ba hira ba karatu, kada dai mun ɗauko ibadar wasu mutane. Na san kulawa ce ta sa ka tambaya, shi ya sa na ga bai kamata in amsa maka a gurguje ba.

Sai ka san yadda kakar nan take kafin ka gane zaman. A nan Ottawa, babban birnin Kanada, tana kamawa wajen 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana suke yin daidai, daga nan kuma rana ta yi ta raguwa. Mu a lokutan salla muke fara jin abin. Magaribar da muke yi kusan ƙarfe 9 na dare a watan Yuni, idan Disamba ta zo tana faɗuwa kafin ƙarfe 4:30. A Lahadin farko ta Nuwamba kuma ana mayar da agogo baya da awa guda, sai ma'aikaci ya wayi gari yana dawowa gida cikin duhu. Wannan duhun yana taɓa zuciya. Tun 1984 likitoci a Amurka suka bayyana wata damuwa mai zuwa da ƙarancin hasken rana: barci ya yi yawa, jiki ya mutu, mutum ya ƙi son ganin kowa. A shekarata ta farko ta kama ni, na kuma ɓoye, don ina ganin ba abin da namiji zai faɗa ba ne.

Wani dattijo daga cikinmu, wanda ya fi shekara talatin a ƙasar nan, shi ya lura. Bai yi mini wa'azi ba. A shekara ta biyu, da ganye ya fara juyawa, ya ce in raka shi gandun dajin Gatineau, tsallaken kogi a lardin Kwibek, daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 361. Muka yi tafiya kaɗan, ya nuna mini wani kututture ya ce in zauna, in zaɓi itace guda in dube shi har sai ya kira ni. Abin da muke yi ke nan har yau, sai dai yanzu mun zama gidaje da yawa.

Ranar Asabar bayan Azahar muke fita. Waya tana aljihu a kashe. Akan yi tafiya a hankali, kamar ta mai rakiyar tsoho, sannan kowa ya sami wuri ya zauna wajen rabin awa ba magana. Kunne ake fara saki: ƙarar busasshen ganye idan kurege yana tono yana binne abincin sanyi, iska a saman itatuwa, kukan manyan agwagin daji da suke wucewa kudu a jere kamar bakin mashi. Tunani zai zo dole, na haya, na aiki, na wanda ba shi da lafiya a gida. Ba a kokawa da shi. Ka gan shi, ka bar shi, ka mayar da ido kan itacenka. Wani yana jan carbi, wani hannunsa wayam.

A nan ne na koyi abin da nake so ka fi riƙewa. Ganyen da ka gani jajawur a hoton ba cuta ce ta kama shi ba, kuma ba ƙonewa ya yi ba. Idan rana ta gajarta, itace yakan daina yin sinadarin da yake sa ganye kore, ya warware wanda yake ciki, ya janye abin amfaninsa ya adana a reshe da saiwa. Ruwan ɗorawar da yake fitowa daman yana nan tun farko, koren ne ya rufe shi. Ja kuwa sabo ne, a lokacin ake yin sa daga sukarin da ya rage a ganyen, shi ya sa shekarar da aka sami rana tangaran da dare mai sanyi jan yake fi ƙarfi, musamman a itacen mapul, wanda ganyensa yake kan tutar Kanada tun 1965. Bayan haka itacen yakan toshe gindin ganyen da wata siririyar fata, ya rufe wurin tun kafin ganyen ya rabu da shi. Dattijon nan ya jawo wani reshe ya nuna mini: dab da inda ganye ya faɗi akwai ɗan ƙullutu a dunƙule, ganyen baɗi ne, an riga an shirya shi, zai jure watannin dusar ƙanƙara a haka. Sai ya karanto mini aya ta 59 ta Suratul An'am, inda Allah yake cewa babu wani ganye da zai faɗi face ya san da shi. Na haddace ayar tun ina yaro, amma ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar, ga ganye yana zuba a kanmu ba adadi.

Game da tsoronka kuwa, ba zan rufe maka komai ba. Mutanen nan suna da tasu hanyar. A 1979 wani masani a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya fara koya wa marasa lafiya tattara hankali a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, kuma daga zaman tunanin mabiya Buddha ya samo shi, ya cire masa rigar addini. A Japan hukumar gandun daji ce ta fito da abin da suke kira wankan daji a 1982. Wani bincike da aka buga a 2019, a kan mutum kusan 20,000 a Ingila, ya nuna masu yin minti 120 a mako cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi cewa suna jin lafiya da kwanciyar hankali. A Kanada ma, tun 2020, akwai likitocin da suke rubuta wa majiyyaci fita daji kamar yadda ake rubuta magani. Mun amfana da iliminsu, ban musa ba. Amma babu wanda ya koya mana wani zama na musamman ko wata kalma da za mu maimaita. Tafakkuri ne, duban halitta don tuna Mahalicci, kuma idan La'asar ta yi sai mu shimfiɗa dardumominmu a kan ganye mu fuskanci alƙibla.

Ba kowa ya yarda ba, ko a cikinmu. Akwai masu cewa Asabar ranar ƙarin aiki ce, wanda ya bar gida don nema ba shi da lokacin kallon ganye. Na fahimce su, akwai masu jiran abin da za su aika. Sai dai na ga mutanen da sanyi ya karya a watan Janairu har aikin ma ya gagare su, kuma ni a ganina awa biyu a mako ba asara ba ce.

Yara su suka fi ba ni mamaki. A dausayin Mer Bleue, inda aka yi gadar katako a kan fadama, akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu baƙin kai da suke sauka a tafin hannun mutum, amma sai ya tsaya cak. Ɗan da ba ya iya minti biyu a zaune a gida, can sai ka ga ya ƙame. A can kuma muke cusa musu Hausa: reshe, saiwa, ɓawo, tsiro. Ranar da na gaya wa ƙaramar cewa malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo yana tashi daga nan ya yi wajen kilomita 4,000 zuwa duwatsun Meziko, tambayarta ita ce wa yake nuna masa hanya.

Muna kiyayewa, kada ka damu. Akwai kaska mai sa cutar Laim, don haka ana cusa ƙafar wando cikin safa, a kuma duba jikin yara idan an dawo.

Yanzu ganyen ya kusa ƙarewa, ana hango sama ta tsakanin rassa, Asabar mai zuwa wataƙila ita ce ta ƙarshe kafin ƙanƙara. Jikarka ta zaɓo maka guda ɗaya ja, ta danne shi a cikin littafinta ya bushe, za mu ba wa mai tahowa. Ta ce idan ya iso ka ɗaga shi a rana ka dubi jijiyoyinsa. A gaida Inna da mutanen gida.