Me ya sa ake cewa tufafin matan Miyawo littafi ne?

Ka tambaya ko surfanin da matan ƙabilar Miyawo ta ƙasar Sin ke yi ado ne kawai, ko yana da wata ma'ana. Malam, ya wuce ado nesa ba kusa ba.

Miyawo sun fi yawa a duwatsun lardin Guizhou, kuma a da ba su da rubutun da kowa ke amfani da shi, sai waƙoƙin baka da allura suka riƙe musu tarihi. A wasu yankuna, layukan da ke jikin siket ɗin mace ana fassara su da Rawayen Kogi da kogin Yangtze, waɗanda kakanninsu suka tsallake lokacin hijira zuwa kudu.

Zanen da ya fi burge ni shi ne malam-buɗe-littafi. A tatsuniyarsu, uwa ce da ta fito daga cikin itace ta yi ƙwai 12, a ciki aka ƙyanƙyashe kakan 'yan Adam tare da dodo da ɓauna. Don haka ake yawan ɗinka ta a majanyin goyo, ta tsare jariri.

Aikin kuwa sai mai haƙuri. A garin Shidong akan tsaga zaren siliki ɗaya gida-gida kafin a zura a allura, a Jianhe kuma da siraran kuza ake yi a kan yadin da aka rina da baba. Yarinya tun tana ƙarama take koya wurin uwarta, kayan bikinta kan ci shekaru, kuma daga salon ɗinkin ake gane yankin da ta fito.

A 2006 gwamnatin Sin ta sanya sana'ar cikin jerin al'adun gado na ƙasa.