Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Fi Kowa Ci wa Super Eagles Ƙwallo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Musu ne ya kaure a majalisarmu bayan mun taso daga gidan kallo. Wasu suka ce Ahmed Musa ne ya fi kowa ci wa Najeriya ƙwallo, dattijon cikinmu ya ce marigayi Rashidi Yekini ne, matasa kuma suka dage a kan Victor Osimhen. Don Allah a warware mana, sannan a gaya mana ko ranar da Osimhen ya zarce Yekini a yawan ƙwallaye za a iya cewa ya fi shi ke nan.
Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Dattijon majalisarku shi ne ya faɗi daidai, domin tarihin da ake aunawa da shi na Rashidi Yekini ne, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallo 37 tsakanin shekarar 1984 da ta 1998. Sai dai masu ambaton Ahmed Musa ba su yi nisa da gaskiya ba, tarihi biyu ne suka haɗe musu. Shi ne ya fi kowane ɗan Najeriya buga wa babbar tawagar ƙasa wasa, inda ya haura wasa ɗari, kuma shi ne ya fi kowa ci mata ƙwallo a gasar Kofin Duniya da guda huɗu: biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Amma idan aka tattara dukkan ƙwallayen da ya ci wa ƙasa, ba su kai ashirin ba.

Yekini ɗan Kaduna ne ta wajen haihuwa, ko da yake asalin iyayensa garin Ira ne a Jihar Kwara. An haife shi a 1963, ya fara fitowa fili a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna, daga nan ya wuce Shooting Stars ta Ibadan da Abiola Babes ta Abekuta, sannan Africa Sports ta Abidjan, kafin ya tsallaka Fotugal, inda ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar ƙasar a kakar 1993 zuwa 1994 da ƙwallo 21 a rigar Vitória de Setúbal. A 1993 ne aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka.

Abin da ya sa nake ɗaukar 37 ɗin nan da nauyi shi ne inda aka ci su. Goma sha uku daga cikinsu a gasar cin Kofin Nahiyar Afirka ya ci su, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku, a zamanin da ƙasashe takwas ne kawai suke zuwa gasar, daga baya aka mayar da su goma sha biyu, ba kamar yanzu da ake zuwa da ashirin da huɗu ba. Ya ci ɗaya a 1988, uku a Aljeriya a 1990, huɗu a Senegal a 1992, sai biyar a Tunisiya a 1994, kuma a gasa biyun ƙarshe babu wanda ya kai shi. A Tunisiya wasa biyar kacal Najeriya ta buga har ta ɗauki kofin a ƙarƙashin mai horarwa Clemens Westerhof. Yekini ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu a wasan da aka tashi 2 da 0, ya ci Kwaddebuwa ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, kuma da aka je bugun fenareti shi ne ya buga wanda ya raba gardama. Ko da yake Emmanuel Amuneke ne ya ci Zambiya ƙwallo biyun da suka kawo kofin a wasan ƙarshe, hanyar zuwa wannan wasa Yekini ne ya share ta.

Sai kuma ƙwallon da ya ci ranar 21 ga Yuni 1994 a birnin Dallas na Amurka, wadda duk wanda ya hana idonsa barci ya zauna gaban talabijin a wannan dare ba zai manta da ita ba. Finidi George ya kutsa ta gefen dama ya miƙo ƙwallo a ƙasa, Yekini ya sa ƙafa ya tura ta cikin ragar Bulgeriya, sannan ya bi ta har ciki. Ya cusa hannayensa ta kafofin ragar, ya dunƙule su, yana girgiza ta yana kururuwa, fuskarsa kamar ta mai kuka. Ita ce ƙwallo ta farko da Najeriya ta taɓa ci a Kofin Duniya, kuma aka tashi 3 da 0 bayan Daniel Amokachi da Amuneke sun ƙara. A lissafi guda ɗaya ce cikin 37, amma ni a wurina babu wata da ta kai ta daraja. Ya kamata kuma a tuna cewa bayan wannan shekara bai sake samun damar buga Kofin Afirka ba, saboda gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye Najeriya daga gasar 1996 ta Afirka ta Kudu, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, kuma ta hana ta shiga ta 1998.

Game da Osimhen, matasan majalisarku suna da hujja mai ƙarfi. A 2025 ya wuce Segun Odegbami mai ƙwallo 23, wanda ya daɗe a matsayi na biyu, kuma zuwa watan Nuwamba na wannan shekara ya riga ya haura 30, cikin wasannin da ba su kai hamsin ba. Wannan sauri ne da ko Yekini bai yi irinsa ba. Akan ce bakwai daga ciki a ragar Sao Tome ya zuba su, huɗu a 2022 da uku a 2023, kuma haka ne, amma ban ga dalilin rage masa lada a kan haka ba, tunda shi ma Yekini ya taɓa cin Burkina Faso huɗu a wasa guda a 1991. Ɗan wasan gaba ba shi yake zaɓar abokin karawa ba.

To idan ya zarce 37, ya fi Yekini ke nan? Zai zama wanda ya fi kowa ci wa Najeriya ƙwallo, kuma ya kamata a ba shi wannan girma ba tare da ƙyashi ba. Amma fifiko a tarihin tawagar ƙasa yana buƙatar abin da ya wuce adadi. Yekini ya ɗora Najeriya a kan kofin nahiya, ya kai ta Kofin Duniya karon farko, ya ci mata ƙwallo a can. Osimhen kuwa Ghana ta tare masa hanyar Kofin Duniya na 2022 a Abuja, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta tare masa ta 2026 a bugun fenareti, a gasar Afirka da aka yi a Kwaddebuwa kuma ƙwallo ɗaya ya ci, aka tsaya a na biyu. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, domin mutum goma sha ɗaya ne a fili, kuma yana da sauran shekaru a gabansa da zai iya cike wannan gurbi.

TAMBAYA: Na ga wasu suna rubuta cewa Yekini ya buga wa Najeriya wasa 58, wasu kuma 62. Wanne ne daidai?
Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Malama, duka alƙaluman biyu suna yawo a rubuce-rubuce, kuma irin wannan saɓani yakan taso ne daga yadda ake ƙirga wasa. Wasu masu adana tarihi suna sa wasannin Olamfik, irin na Seoul a 1988 da Yekini ya halarta, da wasu wasannin sada zumunta, wasu kuma suna cire duk wasan da FIFA ba ta ɗauke shi cikakken wasan manyan tawagogi ba. Ko da wanne aka yi lissafi, ƙwallo 37 tana nufin kusan ƙwallo uku a kowane wasa biyar. Yekini ya rasu a Ibadan ranar 4 ga Mayu 2012 yana da shekara 48, aka yi masa sutura a Ira. Allah ya jiƙansa da rahama.